Jinin da Gwaggo tace al'ada ce ta dawo

Shekaranjiya muna gidan suna a ɗakin mai jego, mun kai mu goma sha ɗaya wasu a bakin gado wasu a ƙasa, ana cin waina ana hirar tsadar shinkafa da kuɗin makarantar yara, sai ƙanwar mijin mai jegon wadda nas ce tace af kafin in manta, ranar Talata za a yi gwajin kansar bakin mahaifa kyauta a asibitinmu, duk mai so ta zo da wuri. Wlh kamar an ɗauke wuta. Ɗakin yayi tsit, can wata dattijuwa daga bakin ƙofa tace Allah ya raba mu da mugun ji da mugun gani, aka amsa da amin aka shafa. Wata tace ita lafiyarta ƙalau ba za ta je ta tono wa kanta ciwo ba. Wata kuma, ƙawata ce ma tun sakandare kuma da digirinta, tace ita fa ko a haihuwa sai ta kama dole take yarda a duba ta, balle haka kawai ba ciwon kai ba na ciki ta ɗauki ƙafa ta je ta buɗe wa mutane jikinta. Aka kwashe da dariya aka koma kan shinkafa.

Ni dai dariyar ta ƙi fitowa, saboda na taɓa yin irinta a kan Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, ita tayi min wankan jego a haihuwata ta fari da ta biyu. Mace ce mai jiki da murya, uwar adashin unguwarsu, in tana gida tun daga zaure za ka sani. An mata aure tana ƙarama, haihuwarta tara bakwai a raye, kuma ba ta taɓa kwanciya asibiti ba in banda hawan jini da take zuwa karɓar magani duk wata. Al'adarta ta ɗauke kusan shekara shida, sai rana ɗaya ta fara ganin ɗan jini, ba mai yawa ba, ɗigo ɗigo yau ya zo gobe babu. Ita da bakinta ta faɗa mana a tsakar gida tana tsince wake, tace ku taya ni murna na koma budurwa, al'ada ta dawo sai ku nemo min saurayi. Muka yi ta dariya har da su tafi, ni har cewa nayi to Gwaggo lefe akwati nawa kike so.

Abu na farko da tayi, kuma duk wata macen kirki a cikinmu shi za ta yi, shine ta aika islamiyya a tambayar mata malama ya hukuncin sallarta. Malama ta aiko cewa a shekarunta da yadda jinin yake zuwa wannan jinin ciwo ne ba haila ba, tayi tsarki tayi alwala ta ci gaba da sallarta da azuminta. Amsar daidai ce, ba inda malama tayi kuskure. Mu ne muka ɗauki rabin amsar muka bar rabi a ƙasa, muka ji "ta ci gaba da salla" hankalinmu ya kwanta, kalmar ciwo kuwa ta shiga ta nan ta fita ta can. Wannan abin na daɗe ina juya shi a raina. Mu matan Hausawa ba jahilan jini bane fa, yarinya 'yar shekara goma sha biyu a islamiyya za ta lissafa miki kwana 15 na haila da bambancinsa da jinin biki da na istihala, mun san launinsa mun san ƙidayarsa mun san lokacin wanka. Amma duk tambayarmu a kan jini guda ɗaya ce, in yi salla ko kar in yi. Daga ina yake fitowa, me ya kawo shi, wannan ba mu saba tambaya ba, kuma ba mu ma san wa za mu tambaya ba.

Bayan wata uku ko huɗu sai ruwa ya fara zubar mata, mai wari. Nan kuma kowa ya zama likita, sanyi ne. Kinsan dai mu komai na ƙasan cibiya sanyi ne, ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, ciwon baya sanyi. Aka je kemis aka haɗo kafso ja da rawaya da allurai na kwana biyar, aka dafa bagaruwa tana shiga, aka kawo sassaƙe a jarka daga wajen wata mai magani da ake ta yabo a rediyo, aka kawo na matsi. In ta sha ya ɗan lafa kwana biyu sai ace an dace. Abin da ya fi tsaya min a rai shine yadda matar da ba ta iya zama ita kaɗai ta fara janye jikinta daga mutane, ta bar zuwa biki, kuɗin adashi ma sai dai a miƙa wa jikarta a ƙofar ɗaki, ɗakin nan kullum a turnuƙe da turaren wuta har ido yana yaji, mu muna cewa Gwaggo an tsufa ba a bar gayu ba ashe wari take ɓoyewa. Da ta fara rama sai zancen ya koma sammu, aka shiga rubutu da tofi, har an fara nuna wata maƙwabciya da baki, baiwar Allah ba ta ji ba ba ta gani ba.

Sama da shekara ana wannan. Sai wani dare jini ya ɓalle mata kamar mai ɓari, ta faɗi a banɗaki, aka kwashe ta sai asibiti, leda uku aka ƙara mata kafin ta dawo hayyacinta. Da aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji sakamako ya fito, likitar ta kira ni da babban ɗanta tace kansar bakin mahaifa ce kuma ta riga ta wuce inda za a yi aiki a cire, ta taɓa gefe da gefe. A gida kuma sabuwar rigima ta tashi, rabin dangi sun ce daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, in aka taɓa shi fushi yake ya bazu, a maido ta gida a yi na gargajiya. Sati uku aka ɓata a wannan jayayyar kafin aka yarda aka kai ta asibitin Shika a Zariya don a gasa ciwon da na'ura. An sayar da filinta, an sayar da 'yan kunnayen gwal ɗin da take cewa na jikarta ne, ta sha wahalar da ba zan rubuta a nan ba. Cikin azumin 2021 Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanki Gwaggo ya sa ciwon ya zama kaffara.

Kwana ya ƙare dole a tafi, wannan ba mai ja. Amma akwai maganar da likitar nan ta faɗa min a baranda wadda ta hana ni barci, tace Hajiya wannan ciwon ba jiya ya fara ba, a mace mai ƙarfin garkuwar jiki yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 daga lokacin da bakin mahaifa ya fara canzawa zuwa ya zama kansa, kuma duk tsawon shekarun nan ba ciwo ba jini ba komai, amma in an duba ana gani, in an gani kuma a minti kaɗan ake kashe shi. Na tsaya ina lissafi. Shekara 15 baya Gwaggo tana zuwa asibitin nan duk wata a auna jininta, tana wucewa ta ƙofar ɓangaren mata da ledar maganinta a hannu, ba wanda ya taɓa ce mata shigo, ita ma ba ta san akwai abin shiga ba.

Daga nan na fara bin abin kamar mai shirin jarrabawa. Ƙwayar cuta ce ake ce mata HPV, ita ke jawo kusan duk kansar bakin mahaifa, tana da iri iri da yawa amma lamba 16 da 18 su kaɗai ke da kusan kashi 70 cikin ɗari. Wani Bajamushe Harald zur Hausen shi ya gano alaƙar har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ta hanyar kwanciyar aure ake ɗauka, kuma a nan ne mata da yawa suke toshe kunne, da an ce haka sai a ji kamar an ce ciwon 'yan bariki ne, matar aure kamila me ya haɗa ta da shi. To Gwaggo miji ɗaya ta sani a duniya. Ƙwayar nan yawancin mutanen da suka taɓa aure maza da mata sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, namiji yawanci ba ya ganin alamar komai, kuma a mafi yawan mutane jiki da kansa yake kore ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, 'yan kaɗan ne take maƙalewa a jikinsu ta zauna shiru tana ɓarna. Ki duba yadda muke rayuwa, namiji ya auri bazawara, ya saki ya sake aure, mace ta fita ta auri wani, gida ɗaya mata uku, duk halal ne ba wanda yayi laifi, amma ƙwayar cuta ba ta tambayar shaidar ɗaurin aure. Kuma tunda tana iya kwanciya shekara da shekaru ba wadda za ta iya cewa ga ranar da na ɗauka ga wanda ya sa min, don haka masu shirin zuwa su tuhumi maigida ko kishiya su adana ƙarfinsu. Masu ɗauke da HIV kam haɗarinsu ya ninka har sau shida, su tun daga shekara 25 ake so su fara gwaji, sauran mata daga 30.

Alƙaluman 2020 sun ce a Najeriya mata wajen 12,000 ne suka kamu a shekarar, wajen 8,000 suka rasu. Na raba a waya ya ba ni kusan mace 22 kullum. Ya fi cikin bas ɗin haya guda, kullum ta Allah, da a titi ake wannan asarar da tuni an yi ta a rediyo har an gaji.

Yanzu za ki ɗauka da na san duk wannan washegari na tafi gwaji ko. Ina! Shekara biyu cur ina ja da baya. Ni da na ga Gwaggo da idona, ni da nake wa mutane wa'azi a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp. Yau ince ina al'ada, gobe ince aiki yayi yawa, jibi ince sai an yi albashi. Gaskiyar magana tsoro ne, ina ganin in ban je ba ba ni da komai, in na je ne za a samo. Ga kunya, ina ta hasko wani ƙaton likita namiji da ɗalibai biyar a bayansa suna leƙe. Ga kuma tunanin in aka ce akwai me zan ce wa Abban yara, da wane ido zai kalle ni, danginsa su ji su fara neman masa wata. Shi ya sa da ƙawata tayi maganar nan a gidan suna ban ji haushinta ba, na san ba rashin ilimi ke damunta ba, masu cewa wai wayar da kai kawai ake buƙata ina ganin ba su taɓa zama a ɗakin mata ba.

Ranar da na je ma ba jarumta bace, rakiya nayi wa matar ƙanina awo, ina zaune a benci wata sista mai ɗan tsufa ta fito tana tambaya wa ta haura talatin ba ta taɓa gwajin bakin mahaifa ba, matar ƙanin nawa 'yar banza ta nuna ni da yatsa tace ga Anti nan. Kunyar in ƙi a gaban mutane ce ta shigar da ni. Ɗaki ne ƙarami da labule, mu biyu kawai, ta sa sakata da kanta. Tace in cire na ƙasa kawai in rufa da zanina in kwanta, tana ta ja na da hira wai 'ya'yana nawa, ina ne gidanmu. Ta ɗauko wani abu mai kama da bakin agwagwa ta nuna min kafin ta sa, akwai sanyi akwai ɗan takura amma wlh ko kusa da gwajin da ake yi wa mai naƙuda bai kai ba. Sai ta jiƙa auduga da ruwan khal, eh wannan dai na kicin amma an auna ƙarfinsa, ta shafa a bakin mahaifar ta kunna fitila ta jira minti ɗaya. In akwai wajen da ya fara lalacewa fari yake komawa ana gani da ido. Tace tashi 'yata ba komai, ki dawo bayan shekara uku. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba, tace au kukan me kuma, nace Sista shikenan? Tace shikenan. Ko minti goma ba a yi ba, abin da na shekara biyu ina gudu.

Da nake ɗaura zani ta ƙara min bayani, tace wannan na khal ɗin shi ake kira VIA, shi ya fi sauƙi kuma a take ake sanin sakamako. Akwai Pap wanda ake shafo ɗan ruwan wajen a kai lab a duba sai bayan kwanaki a karɓa, akwai kuma na neman ita ƙwayar HPV ɗin kanta wanda ya fi su duka gano abu, in ya fito babu sai ki yi shekara 5 ko fiye ba ki sake ba, kuma shi a inda ake da shi mace ma tana iya shiga banɗaki ta ɗebo da kanta da ɗan tsinke mai auduga ta miƙa, ba mai ganinta. Nace to ai wannan shi ya kamata a kawo mana ko'ina, rabin masu gudu kunya ce ke korarsu. Ta nuna min wata 'yar na'ura kamar tocila mai dogon baki, tace in an ga farin nan kuma bai yi girma ba da wannan ake ɗumama wajen, ƙasa da minti ɗaya, mace ta tashi ta tafi gida da ƙafarta, mahaifarta na nan kuma za ta ci gaba da haihuwarta, sai dai a ɗan ƙaurace wa maigida na wasu makonni wajen ya warke. Farin nan ba kansa bane, hanyarta ce. Na kalli na'urar nan na tuna filin Gwaggo.

Sai kuma maganar rigakafi, wadda ita ce ta kusa haɗa ni faɗa da Abban yara. A ranar 24 ga Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak a dantse, Kano da Jigawa suna cikin rukunin farko sauran jihohi suka biyo a Mayun 2024. Kafin ma'aikatan su iso makarantar su babbar 'yata odiyo ya riga su isowa, kowane guruf ka buɗe wani ne yake rantsuwa wai allurar hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa mata kawai, me ya sa ƙanana, me ya sa kyauta alhali maganin zazzaɓi sai ka saya. Abban yara yace ba mai taɓa masa 'ya. Kuma ni ban raina tsoronsa ba, mutumin Kano da ya san abin da ya faru a 1996 lokacin sanƙarau da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara, ba za ka ce masa ya yarda da kowace allura ido rufe ba, abin da ya sa aka ƙi ta shan inna a 2003 ma ai da wannan tabon a ciki. Amma nace masa Abban yara ita ta shan innan da aka ce za ta hana haihuwa, yaran da aka ɗiga wa a lokacin ba su ne muke zuwa sunan 'ya'yansu yanzu ba? Wannan allurar kuma ba a kanmu aka fara ba, tun 2006 ake yinta a duniya, Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta tun 2011, Ostareliya har lissafin ranar da za su rabu da ciwon gaba ɗaya suke. Ƙanana ake yi wa saboda riga-kafi ce, sai kafin a haɗu da ƙwayar take aiki sosai, wato kafin aure, mata ake fara yi wa saboda su ke da bakin mahaifa. Yayi shiru. Abin da ya karya shi dai ba Ruwanda bace, cewa nayi ka tuna warin ɗakin Gwaggo, don shi ya ɗauke ta a motarsa zuwa Zariya har sau biyu gilas a sauke. Da safe shi ya sa hannu a takardar. Yarinya ta dawo tana ƙorafin dantse ya mata tsami, kwana ɗaya ya wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun Nuwamban 2020 ta sa buri wai zuwa 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi kafin su kai 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Sau biyu kacal a rayuwa fa ake roƙo. Na kalli ɗakin sunan nan na ƙirga, mu goma sha ɗaya, in ka cire nas ɗin ni kaɗai ce na taɓa yi.

Da aka watse na bi ƙawata har bakin adaidaita ina mata naci, na ba ta labarin sakatar da labulen da cewa mace ce za ta duba ta, tace to ita matsalarta in aka gan ta a layin sai a ce wani abu ne ya same ta, unguwarsu ba a rufa wa mutum asiri. Nace sa niƙabi. Tace ba ta da shi, nace zan zo miki da nawa. Dattijuwar nan mai addu'a kuwa, ashe tana bayanmu tana ji, sai ta jawo mayafina ta yi ƙasa da murya tace 'yar nan, wanda ya daina al'ada shekara huɗu in ya ga ɗan jini bayan ya kwana da maigida, shi ma gwajin ne ko kuwa sanyi ne. Gabana ya faɗi. Nace Mama wannan ba jiran Talata za a yi ba, gobe da safe zan zo mu je a duba ki, tace gobe akwai kai amarya a gidan yayarta, nace kai amarya da daddare ne Mama, ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanku. Jiya mun je, an ɗebi abin da za a ɗeba an ce mu dawo bayan sati biyu, a hanya ta roƙe ni kar in faɗa wa 'ya'yanta tukuna. Niƙabin kuma na wanke shi yana kan igiya.